Daga masaƙar Kakuri zuwa rumfar gyaran keken ɗinki: abin da ya riƙa fitar da ni daga gida

Akwai wani yaro da ke koyon aiki a rumfata, ɗan maƙwabcinmu ne, shekararsa 17. Wata Laraba muna cikin kwance wani keken ɗinki Butterfly da aka kawo daga Unguwar Sanusi, sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, don Allah in tambaye ka? 'Ya'yanka sun kawo ƙarfi, ga shi duk wata suna yi maka aike. Me ya sa har yanzu kake fitowa kana ɓata hannunka da mai?" Na ce ya miƙo mini sukudireba, muka ci gaba da aiki. Ba don raini na ƙyale shi ba. Amsar ce ba ta faɗuwa a tsaitsaye, domin abin da ya fitar da ni daga gida ina ɗan shekara 19 daban yake da abin da ke fitar da ni yau da na haura 60. Tun ranar maganar take cina a rai, shi ya sa na ga gara in zauna in ɗauko ta daga tushe.

An haife ni a 1962 a wani ƙauye na ƙasar Funtuwa, cikin Lardin Katsina. Ƙasar auduga ce. Da kaka za ka ga jakuna da amalanke sun yi jerin gwano zuwa fuloti, kowa da ƙunshinsa fari fat. Saƙa kuwa gadonmu ce. Babana masaƙi ne, shi ma a hannun ubansa ya koya. In ya idar da sallar asuba ya yi ɗan karatunsa, sai ya shiga 'yar rumfarsa ta ƙofar gida ya zauna, zare ya miƙe a gabansa har gindin darbejiya inda kunkuru yake da dutse a kansa. Ƙafa na takawa, andira na buɗe zare, ƙoshiya na wucewa daga wannan hannu zuwa wancan, allera na bugawa. Inna kuma tana cikin gida da mazari da alli tana kaɗi. Faɗin abin da yake saƙawa bai wuce tafin hannu ba, sai an haɗa da yawa an ɗinke kafin a sami zane ɗaya ko gwado. Da wannan ƙarar na girma, har in ba na jin ta sai in san Baba ba shi da lafiya.

Amma na tashi ne daidai lokacin da sana'ar take mutuwa. Akoko da alawayyo na inji sun cika kasuwa, ga araha ga faɗi. Da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, suka shigo hannun ma'aikata a 1975, har a ƙauye ido ya koma kan atamfa da shadda. Baba ya kan ɗauki saƙarsa ya kai kasuwa, da yamma ya dawo da fiye da rabi. Washegari ya koma rumfa kamar jiya an saye duka. Wannan abu ya riƙa ba ni haushi ƙwarai, na ɗauka taurin kai ne kawai irin na tsofaffi.

Abin da ya kore ni daga ƙauye ya faru ne a daminar 1980, cikin watan da rumbu kan yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Inna ta ba ni ƙwarya ta ce in je gidan ƙanen Baba in ce a ranta mana dawa tiya biyu. Matarsa ta fito da ita tsakar gida, gaban kishiyoyinta da wasu baƙi, ta auna a hankali tana share bakin tiyar da hannu, sannan ta ce, "Malam dai har yanzu yana can yana buga ƙoshiya ko? Allah ya kawo masu saye." Suka yi dariya. Na ɗauki ƙwaryar na fito, idona ya cika da hawaye, ban bari sun zubo ba sai da na sha kwana. Ban taɓa gaya wa Inna abin da aka ce ba har ta bar duniya. Amma a hanyar nan na yi wa kaina alkawari cewa uwata ba za ta sake aika ƙwarya gidan kowa ba muddin ina numfashi.

To ka ji abin da ya fara sa ni aiki. Da a ce wani ya tare ni a tashar Funtuwa a 1981 ya tambaye ni ina zan je, da na ce masa neman kuɗi. Gaskiyar magana kuwa dariyar matan nan ce ta sa ni a mota.

Kaduna ta lokacin, wanda bai gan ta ba da wuya ya yarda. Tun 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, wasu suka biyo baya, har unguwar ta zama gari guda na ma'aikata. Ga kamfanin haɗa motocin Peugeot a nan kusa. In jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, titi sai ya cika da kekuna har mota ba ta samun hanya, masu fita suna kaɗe auduga daga gashin kansu, masu shiga suna cusa ƙosai a baki. Na sauka a Makera wurin wani ɗan garinmu, mu biyar a ɗaki ɗaya. Sati uku ina zuwa ƙofar wata masaƙa ina tsayawa cikin taro tun duku-duku, ran nan heluma ya nuna ni da yatsa. Shara aka ba ni, in riƙa kwashe ɓurɓushin auduga daga ƙarƙashin injuna.

A shekarar ce gwamnatin Shagari ta yanka mafi ƙarancin albashi naira 125 a wata, lokacin naira ta fi dala daraja. Da na karɓi albashina na farko ban ci ko tsire ba. Na sayi buhun dawa da turmin atamfa na nufi gida. Da na sauka, hanya biyu ce zuwa gidanmu, na sa mai amalanke ya bi wadda ta ratsa ƙofar gidan ƙanen Baba. Na san akwai girman kai a ciki, na kuma nemi gafarar Allah daga baya, amma ba zan ɓoye ba, ranar na yi barcin da na shekara ban yi irinsa ba.

Baba bai ce komai a kan dawar ba sai addu'a. Atamfar ya karɓa daga hannun Inna, ya murza ta da yatsu biyu, ya ɗaga ta saitin rana yana duban yadda zaren ya kwanta. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Kai wane ɓangare kake a cikin wannan?" Na sunkuyar da kai na ce, "Shara nake yi, Baba." Ya ce, "To ka share da kyau. Kuma in kana shara ka riƙa kallon hannun masu saƙar."

Ɗakin saƙa na masaƙa wata duniya ce. Injuna jere ɗaruruwa, duk suna bugawa lokaci ɗaya, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Ba ka jin maganar wanda ke gabanka, sai dai ku karanci leɓen juna ko ku yi nuni da hannu. Ana sakin danshi a ɗakin don kada zare ya bushe ya riƙa tsinkewa, saboda haka ko da hunturu gumi kake yi. Ƙurar auduga tana shiga hanci da maƙogwaro, da yawa daga cikinmu sun fita da tarin da bai rabu da su ba, ni kuma kunnena na hagu har yau sai an ɗaga murya. Mutum ɗaya yana kula da injuna da dama. In zare ɗaya ya tsinke cikin dubbai inji sai ya tsaya, kai kuma ka nemo bakin, ka ƙulla, ka zura shi ta inda ya dace, ka tayar, kafin wani ya tsaya a bayanka. Awa takwas kana tsaye, wani satin safe, wani rana, wani dare.

Wanda ya koya mini wannan ƙullin wani mutumin wajen Kagoro ne, Kirista, ya girme ni da kusan shekara 10. Maigida nake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗan Malam. Ya lura ina tsayawa da tsintsiya ina kallonsa, sai ya fara yafito ni in heluma ba ya kusa. Ranar farko da na ƙulla, ya dubi ƙullin ya dube ni, ya yi nuni da hannu yana tambaya a ina na koya. Da muka fita shan iska na ce masa ubana masaƙi ne. Ranar ce na fara faɗin haka ba tare da na ji nauyi a bakina ba.

Mutumin nan bai taɓa fashin aiki ba, ko zazzaɓi yake yi sai ya zo. Rigarsa biyu, takalminsa na roba. Abokan aiki suna yi masa tsiya wai maƙo ne. Sai wata rana muna cin abinci a bakin ƙofa wurin mai tuwon da ke ba mu bashi zuwa ƙarshen wata, ya zaro wata jakar leda daga aljihu ya buɗe mini. Rasiɗan kuɗin makaranta ne, an jera su an ɗaure da zare. Ubansu ya rasu yana aji biyu a sakandare, ya ajiye karatu don ƙannensa huɗu su yi. Ya ce in dare ya yi nisa a wurin aiki, ƙafa ta fara rawa, sai ya dafa aljihun. Shekarar da autarsu ta sami gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya sayo goro da alewa ya raba wa duk ɗakin saƙa, yana dariya yana share ido da gefen riga. Ban taɓa ganin mutum ya yi farin ciki da abin da ya sami wani kamar yadda ya yi ranar ba.

Daga nan na fara lura da mutane. Albashinmu kusan ɗaya, jiniya ɗaya ke kiranmu, amma kowa da abin da ya ɗauko a zuciya. Akwai wanda matarsa ta rasu wurin haihuwa, shi kullum roƙo yake a bar shi a aikin dare, don ba ya iya kwana a ɗakin. Akwai masu zafin ƙungiya, waɗanda ba abin da ke tayar musu da jini kamar a taɓa haƙƙin ma'aikaci. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a Kaduna take, kuma Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya daga 1999 kafin ya zama gwamnan Edo, daga cikin masaƙun nan ya taso. Sai kuma wani dattijo Banufe, makanikin injuna, wanda a ƙarƙashinsa na ƙarasa koyon aiki bayan na shekara shida ina saƙa. Shi dai inji yake so, so na gaskiya. Ya kan ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, sai ya ce maka ga abin da ya ci, a buɗe kuwa a tarar haka ne. In an tashi ba ya tafiya sai ya goge kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya ya jera. Wani lokaci in na dube shi sai in tuna Baba, amma ban tsaya na yi tunanin dalili ba.

Na yi aure a 1985. Da yara suka fara zuwa, dariyar matan ƙauyenmu ta dushe a kunnena, wani abu ya maye gurbinta: kuɗin haya, kuɗin makaranta, maganin zazzaɓi, ɗinkin Sallah. A 1986 aka shigo da tsarin SAP, wato shirin gwamnati na yi wa tattalin arziki garambawul, naira ta fara zubewa, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga, kayan gyaran injuna da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Albashi yana ƙaruwa a takarda yana raguwa a kasuwa. A shekarun nan in ka tambaye ni don me nake aiki, kalma biyu ce amsar: rufin asiri. Kada a ji kanmu, kada mai gida ya yi mana sallama da safe gaban maƙwabta, kada yarana su riƙa leƙa gidan wani lokacin cin abinci. Duk mai iyali ya san wannan, ba sai na tsawaita ba.

Baba ya rasu a 1993. Duk shekarun nan ina aika masa da abin da ya ishe su, na sha roƙonsa ya huta, bai taɓa yi mini gardama ba, bai kuma taɓa daina saƙa ba, sai da idonsa ya gaza. Da saƙon rasuwar ya iso, na yanki alawayyo mai kyau na kama hanya, na ce wannan dai ni zan yi masa. Na isa ana shirin wanka. Na miƙa wa Inna, ta karɓa ta ajiye gefe, ta shiga ɗaki ta buɗe tsohuwar adaka ta fito da wani ƙunshi. Farar saƙa ce, ta hannunsa, an riga an haɗa an ɗinke. Ta ce, "Tun shekara uku ya gama ta. Kaɗina ne, saƙarsa ce. Ya ce a sa shi a ciki." Na murza ta da yatsu biyu kamar yadda ya yi wa atamfata. Na shekara 12 ina cikin zare a lokacin, na san abin da nake dubawa. Babu ƙulli ko ɗaya da ya fito, gefen a miƙe kamar an ja layi. Aikin da ba mai saye, ba mai yabawa, ƙasa ce za ta ci, amma ya yi shi kamar sarki zai kai wa. Na tsuguna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar ƙwarya.

Na ji abin a jikina, amma ban gane shi ba tukuna. Sai da tawa ta same ni.

Daga 1997, da aka ɗage takunkumin shigo da yadi, kasuwa ta cika da kayan waje, na halal da na fasa-ƙwauri. Zanen da muka fitar wannan wata, bayan 'yan watanni sai ka gan shi a Kantin Kwari an kwaikwayo shi daga Asiya, kuɗinsa bai kai namu ba. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada, audugar ma manoma da yawa sun bar ta sun koma masara. Aiki ya koma sau biyu a rana, daga baya sau ɗaya. Ana cikin haka rikicin Fabrairun 2000 ya raba garin, kogin Kaduna ya zama iyaka, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Maigidana na Kagoro shi ya nemo mota, ya taya ni ɗora kaya, ya raka mu har bakin gada. Muka koma Tudun Wada. Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Tamu, takarda muka tarar an manna a ƙofa wata safiya, wai a je hutu sai an neme mu. Ba a neme mu ba. Haƙƙinmu na sallama kuwa, mun yi zarya har takalma suka ƙare, da yawa daga cikin abokan aikina sun mutu suna jira. An ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Namu ya bushe, masu shi da dama sun shiga ƙasa, wannan kuma akwai ranar da za a yi hisabinsa.

Wata takwas na yi ba aiki. Abin da nake so a fahimta shi ne, a watannin nan ba mu kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Maiɗakina tana da tsohon keken Singer da aka kawo ta da shi, ta ɗora ɗinkin kayan yara, da yamma kuma ta soya awara 'yarmu ta zauna da ita a zaure. Ƙanena da na ɗauki nauyin karatunsa yana aiko da hatsi. Asiri a rufe yake. Amma ni ina narkewa. Da fari na kan yi wanka in sa kaya in fita da sassafe kamar mai zuwa wani wuri, in ƙare a teburin mai shayi. Daga baya fitar ma na daina. In kwanta a tabarma in juya wa ƙofa baya, hannuwana su riƙa motsi su kaɗai kamar ina ƙulla zare. Abin da Hausawa ke kira mutuwar zuciya, na ga hanyarsa, na san yadda yake farawa.

Ranar da abin ya fi yi mini ciwo, ina zaune a tsakar gida, ɗana na biyu ya shigo da gudu daga makaranta. Ya gaishe ni da ladabi, ya wuce ni, ya je wurin uwarsa ya ce an ce su kawo kuɗin littafi gobe. Bai yi don ya ɓata mini ba, yaro ne, ya san inda ake samu. Amma na lura rabon da wani a gidan ya nemi wani abu a wurina, ko da ɗaure igiyar shanya ne, an yi watanni. Kowa lallaɓa ni yake kamar marar lafiya. Ana ba ni abinci, ana girmama ni, ba wanda yake bukatata.

Saura kwana tara Sallah ƙarama keken maiɗakina ya fara tsallake ɗinki yana tsinka zare, ga kayan mutane jibge. Ta ce da safe za ta aika a kira mai gyara. Da dare ya yi kowa ya kwanta, na kunna fitila na jawo keken. Ban taɓa buɗe keken ɗinki ba, amma da na kwantar da kan na leƙa ƙasa, sai na ga abin da na sani. Kwarkwaro a cikin ƙoshiya, sunayen ma irin na kayan Baba. Zare na sama, zare na ƙasa, dole su haɗu a daidai lokacin da ya kamata, in ɗaya ya riga ɗaya ɗinki ba zai kama ba. Na juya da hannu a hankali ina kallo, na ga allura tana sauka ba daidai ba, ƙugiyar da ke ɗaukar zare tana wucewa kafin zaren ya buɗe. Na kwance, na wanke da kananzir, na daidaita, na ɗaure. Wajen ƙarfe uku na sa ƙyalle na taka. Ɗinkin ya tafi sumul, sama da ƙasa iri ɗaya. Na ɗaga ƙyallen saitin fitila ina dubawa, sai na tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai.

Da safe ta gwada, ta dube ni, ba ta ce komai ba. Ta kwance bakin zanenta ta ɗauko kuɗi ta ajiye a gabana. Na ce, "Haba, mene ne haka?" Ta ce, "Malam, da wani na kira ai sai na biya shi. Aikinka ne, ka ɗauka." Na ɗauka. Da yaron nan ya zo wucewa na kira shi na ce, "Zo, nawa ne kuɗin littafin nan?" Kafin Sallah matan unguwa uku sun aiko da kekunansu, domin ashe duk wadda ta shigo sai maiɗakina ta ce mata ai Malam gyara yake yi. Daga baya ne na gane da gangan take yi, ta daɗe tana neman ƙofar da za ta fito da ni. Ita ma na taɓa tambayarta yadda ta iya da watannin nan, ta ce ba ta son ranar da 'ya'yanta za su ga ubansu ya miƙa hannu, shi ya sa ko bayanta na ciwo ba ta sauka daga kan keken.

Yau shekara kusan 20 ke nan ina wannan rumfa. Na yi gadi na ɗan lokaci da dare kafin gyaran ya kankama, ban raina ba. Malamai suna karanta mana cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri da ya roƙi mutane, kuma Annabi Dawuda, alaihis salam, daga aikin hannunsa yake ci. Na sha jin wannan tun ina yaro, amma sai da na kwanta wata takwas na san nauyinsa.

Ba na yarda da mai cewa kuɗi ba komai ba ne a wurin aiki. Wanda bai taɓa ɗaukar ƙwarya zuwa gidan wani ba ne ke faɗin haka. Ba na kuma jin daɗin yadda ake yi wa samarin yanzu kuɗin goro ana ce musu cima-zaune. Mu da muka zo akwai ƙofar da za ka je ka tsaya har a nuna ka da yatsa. Je ka Kakuri yau ka ga ciyawa ta fi mutum tsawo a inda dubban mutane suke cin abinci. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin ubansa ya fita da safe ya dawo da gajiya ba, bai kuma san inda shi ma zai je a ce ana nemansa ba, kafin a zage shi a fara nuna masa wurin zuwa. Na ɗauki yara fiye da goma a rumfar nan, har da waɗanda aka ce mini ba za su yi ba. Mafi yawansu da ka damƙa musu abu ka ce wannan naka ne, mai shi zai zo jibi, sai ka ga sun canza tafiya.

Maigidana na Kagoro yana nan da rai, ya koma gida yana noma, ƙannensa suna riƙe da shi. Muna waya lokaci-lokaci, kowa na ihu saboda kunnuwanmu duka sun yi nauyi. Ƙoshiyar Baba kuma tana cikin akwatin kayan aikina, ta yi santsi ta yi baƙi saboda hannu.

Ranar Alhamis, washegarin tambayar, yaron ya riga ni zuwa, na tarar ya share rumfa ya fito da benci. Na ce masa, "Jiya ka tambaye ni. Kai fa, me ya kawo ka nan? Ban da cewa babanka ne ya turo ka." Ya yi shiru yana wasa da tsumma. Can ya ce, "Baba, Ummanmu wankau take yi a gidajen mutane. Hannunta duk ya tsattsage. So nake in saya mata firji ta riƙa sayar da ƙanƙara a gida." Bai ɗago ido ba da yake faɗa.

Na jawo keken Butterfly ɗin na tura gabansa, na ajiye masa sukudireba da kwalbar mai. Na ce, "Mai shi za ta aiko ranar Asabar. Kai za ka daidaita shi, ba zan sa hannu ba, kuɗin kuma naka ne." Na koma gefe na zauna. Ya kwantar da kan keken, ya kusanto da fuskarsa, ya fara juyawa a hankali yana kallon inda allura take sauka.